Hanyoyin burji na tsaunukan Piedmont

Hanyoyin burji na tsaunukan Piedmont tsofaffin hanyoyi ne marasa kwalta da ke ratsa tsaunukan Alps a arewa maso yammacin ƙasar Italiya, dab da iyakarta da Faransa. Sojoji ne suka gina mafi yawansu domin kai igwa da abinci zuwa sansanonin da ke kan duwatsu. A yau masu hawan keke daga ƙasashe da dama na zuwa domin gwada ƙarfinsu a kansu, kuma ana lissafa su cikin hanyoyin keke mafiya wuya a nahiyar Turai. Fitattu daga cikinsu su ne Colle delle Finestre, da hanyar Assietta, da Colle del Sommeiller, da kuma Via del Sale.

Tarihi

Kwarin Susa da kwarin Chisone, waɗanda ke yamma da birnin Turin, su ne ƙofofin da rundunonin Faransa suka sha bi idan za su shiga Piedmont. Saboda haka sarakunan gidan Savoy suka cika yankin da ganuwoyi. An fara gina babbar ganuwar Fenestrelle a shekarar 1728, ba a kammala ba sai a 1850. A ranar 19 ga Yulin 1747 aka gwabza yaƙin Assietta a kan tudun da ya raba kwaruruwan biyu, inda sojojin Piedmont suka fatattaki na Faransa.

Bayan Italiya ta ƙulla ƙawance da Jamus da Ostiriya a 1882, ta ƙara gina sansanoni a kan iyakarta da Faransa, aka kuma ci gaba da wannan aiki a shekarun 1930. Kowane sansani na buƙatar hanyar da alfadarai, daga baya kuma motoci, za su iya jan kaya masu nauyi. Don haka injiniyoyin soja suka riƙa sassaƙa hanyoyin a jikin dutse da kwanoni masu yawa, yadda hawan zai tafi daidai ba tare da tsayuwa cak ba. Yarjejeniyar Paris ta 1947 ta mayar da wasu sassan iyakar hannun Faransa, sansanonin suka zama kufai, amma hanyoyin suka rage.

Manyan hanyoyin

Colle delle Finestre mashigi ne mai tsayin mita 2,178 daga doron teku, wanda ya haɗa kwarin Susa da na Chisone. Daga ɓangaren Susa hawan ya kai kimanin kilomita 18 da rabi, kuma a kowace mita 100 da aka ci gaba hanyar na ɗagawa da kusan mita 9. Farkon hanyar kwalta ce mai ratsa daji da kwanoni a jere bayan ƙauyen Meana di Susa. Kimanin kilomita 8 na ƙarshe kuwa burji ne zalla. Mai keke kan haura kusan mita 1,700 kafin ya isa sama, kuma da wuya ya samu shimfiɗaɗɗen wurin da zai huta ƙafa.

Hanyar Assietta na farawa ne kusa da Finestre, ta bi ta doron tsauni har zuwa garin Sestriere. Tsawonta ya haura kilomita 30, kuma kusan dukkanta tana sama da mita 2,000. Hawanta bai kai na Finestre tsanani ba, amma hawa da gangara ne a kai a kai, ga iska, ga ƙarancin mafaka.

Colle del Sommeiller ya bambanta da sauran, domin ba soja ne suka gina hanyarsa ba. An buɗe ta a shekarun 1960 domin masu wasan zamiya a kan ƙanƙara lokacin bazara. Tana tashi daga garin Bardonecchia, ta wuce ƙauyen Rochemolles, ta ƙare a tsayin kusan mita 3,000. Sashenta na sama duwatsu ne manya, kuma dusar ƙanƙara kan toshe shi har cikin watan Yuli a wasu shekaru.

Via del Sale, wato hanyar gishiri, tana can kudu, tsakanin Limone Piemonte da Monesi. Ta samo sunanta daga fataken da suke ɗauko gishiri daga gaɓar teku zuwa cikin ƙasa. Hanyar na shiga Faransa tana komawa Italiya, kuma a wasu wurare an sassaƙe ta ne a bakin rami mai zurfi, babu shinge.

Abin da ya sa suke da wuya

Abu na farko shi ne ƙasar hanyar. A kan kwalta mai keke kan miƙe tsaye ya danna feda idan hawa ya yi tsanani. A kan burji kuwa, da zarar ya ɗaga daga sirdi nauyi ya bar tayar baya, sai ta riƙa sulɓi a cikin tsakuwa. Dole ya zauna ya ci gaba da juya ƙafa da giya mai sauƙi. Ruwan sama kan haƙa ramuka, tayoyin motoci kuma kan bar hanyar da gargada mai girgiza hannu da kafaɗa.

Na biyu shi ne tsayi. A mita 2,500 ƙarfin iska bai wuce kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ake samu a bakin teku ba, don haka jiki na samun ƙarancin iskar shaƙa, numfashi ya yi sama-sama. Sanyi ma na ƙaruwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka haura. Mutum na iya barin kwari cikin gumi ya tarar da ƙanƙara a sama. Hadari mai tsawa kan taso da la'asar a lokacin bazara, shi ya sa masana hanyar ke yin sammako.

Na uku shi ne nisa da taimako. Shaguna da masu gyaran keke suna can cikin kwari. Mai tafiya kan ɗauki ruwa, da abinci, da rigar sanyi, da famfo, da kayan faci. Kekunan da aka ƙera domin irin wannan tafiya suna da tayoyi masu faɗin milimita 40 zuwa 50, da birki mai faifai wanda ke jure doguwar gangara.

Gasar tsere

Gasar Giro d'Italia ce ta fito da sunan Finestre a duniya, lokacin da ta fara bi ta kansa a 2005. A 2018 ɗan Birtaniya Chris Froome ya tsere wa abokan karawarsa a kan burjin, saura kimanin kilomita 80 a kai ƙarshen zangon, ya tafi shi kaɗai har ya karɓe jagorancin gasar. A ranar ce Simon Yates, wanda ke kan gaba a gasar, ya gaza a wannan hawan, ya yi asarar fiye da minti 38. Shekara bakwai bayan haka, a 2025, Yates ya dawo kan hawan nan ya ƙwace jagoranci daga ɗan Meziko Isaac del Toro, ya kuma lashe gasar.

Akwai kuma tafiyar Torino-Nice Rally da aka fara a 2016. Ba tsere ba ce. Mahalarta kan ɗaure kayan kwanansu a jikin keke su tashi daga Turin zuwa birnin Nice na Faransa cikin kwanaki, suna bi ta irin waɗannan hanyoyi.

Mazauna yankin da kula da hanyoyin

Ƙauyukan waɗannan tsaunuka sun yi asarar jama'a da yawa a ƙarni na 20, sa'ad da matasa suka koma masana'antun Turin. Waɗanda suka rage makiyaya ne da ke haurawa da shanu da tumaki a bazara, suna sarrafa madara zuwa cuku. Baƙi masu keke sun zama hanyar samun kuɗi ga masaukai da gidajen abinci a ƙauyuka irin su Usseaux.

Sai dai masu babura da motocin daji su ma suna son hanyoyin, kuma suna tayar da ƙura tare da lalata burjin. Hukumomi kan hana ababen hawa masu inji bin hanyar Assietta a wasu ranakun mako cikin Yuli da Agusta, a Via del Sale kuma ana karɓar kuɗi tare da ƙayyade yawan motocin da za su shiga. Gyaran hanyoyin na cin kuɗi, domin ƙanƙara da zaftarewar ƙasa na lalata su duk shekara. Guguwar Alex ta watan Oktoban 2020 ta yi mummunar ɓarna a yankin Limone da kwarin Roya. Galibin hanyoyin a rufe suke tun daga ƙarshen kaka har zuwa farkon bazara.