Dandaji: Masallacin da aka so rushewa ya zama gidan karatu

A garin Dandaji da ke jihar Tawa, tsohon masallacin Juma'a na ƙasa ya kai lokacin da ya soma gajiya. Bango ya tsage, yaɓe ya zube, jama'a kuma sun fi ƙarfin wurin. Shawarar da ta fara zuwa bakin mutane ita ce wadda aka saba ji ko'ina cikin Nijar: a rushe shi, a tada na siminti.

Ba a rushe ba. Yau ginin yana tsaye, an mayar da shi ɗakin karatu, sabon masallaci mai ɗaukar mutum kusan 1,000 kuma yana kusa da shi, cikin fili ɗaya. An kammala aikin a 2018, aka raɗa wa wurin suna Hikma. Masu zanen gini biyu ne suka tsara shi: Mariam Issoufou Kamara, ƴar Nijar mai ofishi a Yamai, wadda asalin mahaifinta ɗan garin ne, da Yasaman Esmaili, ƴar ƙasar Iran.

Abin da ya fi jan hankali shi ne waɗanda aka kira su yi gyaran. An nemo maginan da suka gina masallacin tun farko, domin su ne suka san inda bango yake da ƙarfi da inda ruwa ke ci. Yankin ba baƙo ba ne a wannan sana'a. A Yama, nan cikin jihar, masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya fara a 1962 ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Cikin tsohon ginin na Dandaji an ƙara bene da matakala na ƙarfe, tunda itace ya yi wuya a yankin, ɗalibai kuma suka samu wurin zama da littattafai.

Shi kuwa sabon masallacin, da jar ƙasar da ke kewayen garin aka buga tubalinsa. Ana tankaɗe ƙasar, a yayyafa mata ruwa, a matse ta cikin inji, sannan a bar tubalin ya bushe. Ba a gasa shi, don haka ba a ƙona ko itace ɗaya ba. Kuɗin da zai tafi wajen dakon siminti daga nesa ya tsaya hannun magina da leburorin gari.

Duk wanda ya taɓa yin azahar cikin ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu ya san sauran bayanin. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ya sake shi da dare, ciki ya zauna da sanyi ba tare da na'ura ba. A ƙasar da wutar lantarki ba ta kai ga yawancin ƙauyuka ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Har ruwan damina ba a bari ya wuce ba: ana tara shi cikin rumbu a ƙarƙashin ƙasa domin shayar da itatuwan filin.

Matsalar da ta rage tana cikin zukata. A Maraɗi ko Damagaram, mutum in ya samu kuɗi, abin da ya fara yi shi ne ya ture gidan ƙasa ya sa bulo, don kada a ce har yanzu bai fita talauci ba. Kuma yana da hujjarsa. Ambaliyar 2020 da ta 2024 sun kayar da dubban gidajen ƙasa, galibi waɗanda aka gina a hanyar ruwa, ko babu tushe mai ƙarfi, ko aka daina yi musu yaɓe da gyaran indararo. Ginin ƙasa yana son kulawa kowace shekara kafin ruwa ya sauka, kuma matasan da suka gaji wannan sana'a daga iyayensu suna raguwa.

Mariam ta gwada tubalin a birni ma, da gidajen Niamey 2000 da aka gama a 2016. A Dandaji kuma ta tsara kasuwar garin, inda rumfunan ke ƙarƙashin inuwar faifan ƙarfe masu launi da aka ƙera da tsofaffin ƙarafa.