Na'urar Gadin Ƙofa Ta Koma Gadin Tankin Ruwa

A yawancin gidajen da ke da rijiyar burtsatse, ba a sanin halin da tanki yake ciki sai ruwa ya fara ambaliya yana jiƙa katanga, ko kuma a murɗa famfo a ji iska. Duka biyun asara ce: ga ɓarnar ruwa da man janareto, ga neman ɗan garuwa daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Wasu kuma yaro suke turawa ya hau ƙarfen tanki ya leƙa, ganganci da rai a kan abin da ƙaramar na'ura za ta iya.

Na'urar ma ba don ruwa aka ƙera ta ba. Ita ce wadda ake liƙawa a ƙofa don ƙararrawar ɓarayi, mai aika saƙo ta iska a kan zangon megahaz 433. In ka buɗe ta za ka ga wani siririn gilashi mai harsunan ƙarfe biyu a ciki. Maganaɗisu na matsowa sai su haɗe, yana nisa su rabu, ita kuma ta sanar da akwatin ƙararrawar da ke ɗaki. To, makunnin nan mai iyo da ake sa wa tanki, ƙanƙanin, shi ma haka cikinsa yake, sai dai ruwa ne ke ɗaga maganaɗisun. Aikin mai gyara kawai ya cire gilashin, ya liƙa wayoyi biyu na makunnin da dalma a gurbinsa. Daga nan "an buɗe ƙofa" ya zama "tanki ya cika, a kashe inji". A sa ɗaya a sama, ɗaya kusa da gindi, magana ta ƙare. Batirinta yakan daɗe, don ba ta magana sai ruwa ya motsa makunnin.

Mai son sanin adadin lita sai ya koma ga ma'aunin sauti, irin JSN-SR04T, a haɗa shi da allon ESP32 mai tura lissafi zuwa wayar hannu. Kamar jemage yake yi: ya jefa ƙarar da kunne ba ya ji, ya ƙirga lokacin dawowarta daga fuskar ruwa. Amma zafinmu na rikita shi. Sauti na gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa a zafin digiri 20, ya kai wajen 355 a digiri 40. A tazarar mita ɗaya da rabi kuskuren ya kai santimita 5, wato kusan lita 40 a tanki mai faɗin mita ɗaya, sai an haɗa da ma'aunin zafi. Ga kuma gumin da ke taruwa a ƙarƙashin murfi yana cin allon da ba a rufe ba.

Shi ya sa a ganina na'urar ƙofar ta fi dacewa da gidan talaka. Sai dai a ajiye ta a wajen tanki, cikin robar da ruwan sama ba ya shiga, a inuwa, domin tankin ƙarfe na toshe saƙo. Kuma don Allah kada kowa ya kai wayar wutar NEPA cikin tanki; in ana son injin ya riƙa kashe kansa, a kira ƙwararren mai aikin lantarki.