Ƙwayar Cuta Mai Sauya Riga: Dalilin Da Zazzaɓi Ke Dawo Wa 'Ya'yanmu

Da zarar damina ta kankama a Birnin Kudu da Gwaram, sai ka ga ajin Islamiyya ya rame, yau wannan yarinya tana kwance, gobe ƙaninta. Iyaye mata sun sha tambayata: "Malama, yaron da ya yi ƙyanda ba ya sakewa, to me ya sa zazzaɓin cizon sauro ke dawo masa kowace shekara?" Wasu ma har sukan zargi iska ko sammu. Amsar tana jikin ƙwayar cutar ne kanta.

Ƙwayar da ta fi kashe yara a ƙasarmu sunanta Plasmodium falciparum. Idan sauro ya zuba ta a jiki, takan fara sauka a hanta, sannan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini. Masana sun gano tana da ƙwayoyin gado kusan 60 waɗanda aikinsu shi ne sauya mata kama, tamkar ɓarawo mai riguna 60. Garkuwar jiki na gane riga ɗaya, sai ta sako wata. Bugu da ƙari, rigunan ƙwayar da ta kama ɗanki bana ba lalle su zama irin na bara ba. Shi ya sa sai mutum ya sha fama shekara da shekaru kafin jikinsa ya san yawancinsu. Babba yakan yi ciwon kai ya tashi, amma ɗan ƙasa da shekara 5 kan iya rasa jini ko ya shiga jijjiga.

An yi nazarin wannan a ƙasarmu ta Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976, lokacin muna cikin Jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi babban bincike a ƙauyukan Garki, suka yi feshin ɗakuna, suka raba magani, suna auna jinin mutane. Cutar ta ragu sosai, amma garkuwar da ake gani a jini ita ma ta ragu, kuma da aka dakatar da aikin sai cutar ta dawo. Ashe garkuwar zazzaɓi ba ta dindindin ba ce.

Ke mai cikin fari, ki saurara da kyau. Ƙwayar tana da wata riga ta daban da take maƙalewa da ita a mabiyiya, wadda jikinki bai taɓa haɗuwa da ita ba. Daga nan ake samun ƙarancin jini da haihuwar jariri mara nauyi. Don haka ne ake ba da maganin kariya wurin awo, daga wata na 4, sau 3 aƙalla, wata guda tsakani.

Wannan sauyin kama shi ya wahalar da masu haɗa allurar rigakafi. Dabarar da suka yi ita ce tare ƙwayar tun kafin ta isa hanta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar RTS,S, a 2023 kuma ta amince da R21, wadda Jami'ar Oxford ta Ingila ta ƙirƙiro, ake sarrafa ta a Indiya. A gwajin R21 a wuraren da cutar ke bin damina kamar namu, ta rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100 a shekarar farko. Nijeriya ta fara yi wa yara ita a Disambar 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa, sau 4: wata 5, 6, 7, da kuma 15. Idan kin je rigakafi, ki tambayi ma'aikaciyar lafiya ko ta iso asibitinku, kuma in aka fara kada a yanke.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko an yi allurar, yaro ya kwana cikin gidan sauro. Idan masu rabon maganin damina suka yi sallama, ki karɓa wa 'yan wata 3 zuwa kusan shekara 5, ki cika na kwana 3 ɗin duka. Jiki ya yi zafi, a yi gwajin jini kafin a sha magani, kuma a shanye shi ko da yaro ya tashi yana wasa. Kada ki koma wa kulorokwin, domin ƙwayar ta riga ta gagare shi, shi ya sa tun 2005 Nijeriya ta sauya magani. In kika ga jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko tafin hannu ya yi fari, ki sanar da maigida a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

'Ya'ya amana ne a hannunmu, kuma neman magani ba ya kore tawakkali. Allah Ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya, amin.