Ƴan kwangila da ƴan gida: wa zai biya bashin manhaja?

A duk ma'aikatar da kwamfuta ke lissafin albashi ko haraji, akwai wata gardama da ba ta cika fitowa fili ba, tsakanin masanan da aka ɗauko da kwangila su rubuta manhaja da ma'aikatan dindindin da za su zauna da ita bayan tafiyarsu. Tushen gardamar shi ne gyaran ciki: a sake tsara rubutun manhajar, a warware inda ya cukuikuye, ba tare da an canza aikin da take yi ba. Mai amfani da ita ba ya ganin bambanci, shi ya sa shugabanni ke ƙyashin fidda kuɗi a kansa.

Ɗan kwangila ana biyansa ne a kan abin da takarda ta ƙunsa, kuma yana da ranar miƙa aiki. Duk sa'ar da ya kashe wajen gyaran ciki, daga ribarsa take fita. Ma'aikacin gida kuwa shi za a tayar cikin dare in albashi ya ƙi fita, kuma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Wani lokaci zancen yakan juya: ɗan kwangila ya ce a rushe tsohuwa a gina sabuwa, tunda wannan kwangilar ta fi tsoka, ƴan gida su turje, domin sun san dalilin kowace ƙa'idar da baƙo yake ɗauka shirme ce.

A 1992 masanin manhaja Ward Cunningham, ɗan Amurka, ya kamanta lamarin da bashi, misalin da ɗan kasuwa zai gane nan take. Aikin gaggawa rance ne. In ba a biya shi da gyara ba, ruwa yana hawa, har kowane ɗan canji ya riƙa cin makonni.

Kanada ta ɗanɗana kuɗarta. A watan Fabrairu na 2016 gwamnatinta ta fara biyan ma'aikata da manhajar Phoenix, wadda kamfanin IBM ya haɗa domin maye gurbin wata mai shekaru kusan 40. Kafin nan an rage tsofaffin ma'aikatan albashi, an tattara aikin a garin Miramichi. Zuwa watan Yuli, ma'aikata wajen 80,000 sun shiga matsala: wasu an biya su ƙasa da haƙƙinsu, wasu fiye, wasu ba su ga ko sisi ba. A 2018 babban mai binciken kuɗin ƙasar, Michael Ferguson, ya bayyana cewa IBM ya ƙiyasta aikin a kan dalar Kanada miliyan 274, alhali kasafin miliyan 155 ne. Maimakon su nemi ƙari, manyan jami'an ma'aikatar suka yanke wasu sassan aikin, suka rage gwaji.

Ke nan, mai sa hannu a kwangila shi ke da wuƙa da nama. Tun a takarda ya kamata a ware kuɗi da lokacin gyaran ciki, a sa ƴan gida su duba rubutun kafin a biya kashin ƙarshe, a kuma wajabta wa ɗan kwangila ya bar cikakken bayanin aikinsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.