Haƙƙin Matafiyi a Kan Kamfanin Jirgin Sama: Jinkiri, Soke Tashi da Hana Kujera

Gabatarwa

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Tikitin jirgin sama kuwa ba kome ba ne face alkawari a rubuce: matafiyi ya biya kuɗi, kamfani ya ɗauki nauyin kai shi wuri kaza a lokaci kaza. Idan matafiyi ya makara, jirgi ba ya jiransa, sau da yawa ma kuɗinsa sun bi ruwa. To, idan kamfani ne ya saɓa fa? Nan ne akasarin mutane kan ɗauka cewa babu abin yi sai haƙuri, alhali kuwa dokoki sun daɗe da tanadar wa matafiyi haƙƙi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bayyana asalin wannan haƙƙi, da rabe-rabensa, da iyakarsa, tare da nuna cewa lokacin matafiyi dukiya ne wanda doka ta yanka wa farashi.

Ma'anar Diyya a Wannan Fage

Kalmar "diyya" Hausa ta aro ta ne daga Larabci, kuma asalinta dukiyar da ake biya saboda rai ko rauni. Daga baya ma'anarta ta faɗaɗa har ta ƙunshi duk abin da ake bai wa mutum don rage masa zafin hasarar da wani ya jawo masa. A sha'anin jirage wajibi ne a bambance ta da abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su da ita. Na farko shi ne kulawa, watau ci da sha da masauki a yayin jira. Na biyu shi ne mayar da kuɗin tikiti, ko sauya wa matafiyi wani jirgin. Wanda aka mayar wa kuɗinsa ba a biya shi diyya ba, abinsa kawai aka ba shi. Diyya ƙari ce a bisa waɗannan, saboda lokacin da aka ɓata masa.

Yarjejeniyoyin Duniya

Tushen al'amarin yana komawa ne ga yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Warso na ƙasar Folan a shekarar 1929. Ita ce ta fara ɗora wa kamfani alhakin hasarar da jinkiri ya haifar a tafiya tsakanin ƙasa da ƙasa. A shekarar 1999 aka sabunta ta a birnin Montiriyal na Kanada, sabuwar kuma ta fara aiki a 2003. Ta tanadi cewa kamfani zai biya hasarar jinkiri, sai fa in ya tabbatar da cewa ya yi iyakar abin da hankali zai ɗauka don kauce wa hasarar. Akwai iyakar da biyan ba ya wucewa, wadda ake lissafawa da ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A 1999 iyakar 4,150 ce a wannan ma'auni, a ƙarshen 2024 kuma aka ɗaga ta zuwa 6,303, watau sama da dala 8,000. An kuma bai wa mai ƙara wa'adin shekara 2 kacal ya kai kukansa kotu.

Sai dai wannan tsari yana da gurgunta. Dole ne matafiyi ya kawo hujjar hasararsa, kamar rasiɗin masaukin da ya biya ko tikitin wani jirgin da ya wuce shi. Amma wanda ya yini a kan benci, ko ya rasa jana'izar mahaifinsa, wane rasiɗi zai nuna? Wannan giɓi ne Tarayyar Turai ta yi ƙoƙarin cikewa.

Dokar Tarayyar Turai

Doka mai lamba 261 ta shekarar 2004, wadda ta fara aiki ranar 17 ga Fabrairu, 2005, ta zo da wata dabara: maimakon a nemi matafiyi ya auna hasararsa, sai aka yanka kuɗi ƙayyadaddu gwargwadon nisan tafiya. Ta sa Yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, Yuro 400 ga wadda ta kama daga 1,500 zuwa 3,500, sa'an nan Yuro 600 ga wadda ta zarce haka zuwa wajen Tarayyar. Ba a duba tsadar tikiti ko araharsa. Ta wajabta wannan biya ga wanda aka hana kujera ba da son ransa ba, da wanda aka soke jirginsa ba tare da an sanar da shi kwana 14 kafin ranar tafiya ba, sai in an sama masa wani jirgin da lokacinsa ya yi kusa da na farko. Haka nan ta wajabta ciyar da mai jira bayan awa 2 ko 3 ko 4, gwargwadon nisa, da ba shi masauki idan jira ya kai ga kwana. In jinkiri ya kai awa 5, yana da damar fasa tafiya a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 7.

Dokar ta shafi kowane jirgi da ya tashi daga filin da ke cikin Tarayyar, ko na wace ƙasa ne, da kuma jirgin kamfanin Tarayyar da ya nufo ta daga waje. Alal misali, ɗalibin da ya taso daga Faris zuwa Abuja, tafiyar da ta haura kilomita 4,000, yana cikin inuwarta ko da wane jirgi ya hau. Amma in daga Abuja ya nufi Faris, ba ta rufe shi sai in jirgin na kamfanin Tarayyar ne.

Abin mamaki shi ne, rubutacciyar dokar ba ta ambaci diyyar kuɗi a kan jinkiri ba. Saboda haka sai wasu kamfanoni suka shiga kiran kowace sokewa da sunan jinkiri. Wasu iyali da jirginsu daga Toronto ya isa Farankfot bayan kimanin awa 25 da lokacinsa, a shekarar 2005, suka ƙi yarda da wannan wasa da kalmomi. A shari'ar da aka sani da sunan Sturgeon, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a 2009 cewa wanda ya isa masauƙinsa a makare da awa 3 ko fiye, daidai yake da wanda aka soke jirginsa, domin hasararsu ɗaya ce, ita ce lokaci. A 2014 kotun ta ƙara da cewa ba saukar jirgi ake ƙirgawa ba, sai lokacin da aka buɗe ƙofa fasinja suka sami damar fita. A watan Yuni na 2025 ministocin sufuri na ƙasashen Tarayyar suka goyi bayan a ɗaga awa 3 ɗin zuwa 4 ko 6, Majalisar Dokokin Tarayyar kuwa ta nuna ƙin amincewa, abin da ke nuna yawan dukiyar da ke rataye a kan awa guda.

Uzurin da Ya Fi Ƙarfin Kamfani

Ba kowane jinkiri ne ake biya wa diyya ba. Idan musabbabin ya fi ƙarfin kamfani, kamar mummunan yanayi ko barazanar tsaro ko rufe sararin samaniya, to babu diyya. Amma kotu ta ƙuntata wannan ƙofa. A 2008, a ƙarar wata matafiya da aka soke jirginta daga Biyana minti 5 kafin tashi saboda lalacewar inji, kotun ta ce gyaran jirgi aikin yau da kullum ne na kamfani, don haka lalacewar da aka saba gani ba uzuri ba ce. Hasali ma ko uzurin ya tabbata, kulawa ba ta faɗuwa. A watan Afrilu na 2010 wani dutse ya yi aman wuta a ƙasar Aislan, tokarsa ta sa aka soke tashin jirage kusan 100,000 a Turai. A 2013 kotun ta hukunta cewa duk da babu laifin kamfanoni, ciyar da waɗanda suka maƙale da ba su masauki yana wuyansu har ranar da aka kwashe su.

Sayar da Tikiti Fiye da Kujeru

Kamfanoni sun san cewa a kowace tafiya akan sami waɗanda suka sayi tikiti amma ba su zo ba, kujerar da ta tashi babu kowa kuwa hasara ce da ba ta dawowa. Don haka sukan sayar da tikiti fiye da yawan kujeru da gangan. Ranar da kowa ya zo, sai a rasa wurin zama. Wannan ɗabi'a ta fi tayar da ƙura a Amurka. A 1972 aka hana Ralph Nader, lauyan nan mai kare haƙƙin masu saye, kujerar da ya riga ya biya, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar masa da damar neman haƙƙinsa a 1976. A 1978 hukumar jirage ta ƙasar ta wajabta a fara neman masu son bari da kansu a kan wani lada, kafin a tilasta wa kowa. Ga wanda aka tilasta wa, ƙa'idar ta yanka ninki 2 ko ninki 4 na kuɗin tikitin zuwa, gwargwadon makarar da aka jawo masa, tare da iyakar da ba a wucewa. Duk da haka a watan Afrilu na 2017 duniya ta ga hoton wani likita ana jansa a ƙasa daga cikin jirgi a Shikago don a bai wa ma'aikata kujerarsa, lamarin da ya tilasta wa kamfanoni da dama ƙara ladan masu bari. Game da jinkiri kuwa, Amurka ba ta bi sawun Turai wajen yanka diyya ba. Abin da ta tanada a 2024 shi ne mayar da kuɗi kai tsaye ga wanda ya fasa tafiya bayan jinkirin awa 3 a cikin gida, ko awa 6 a tafiyar waje.

Matsayin Nijeriya

Nijeriya ta shigar da yarjejeniyar Montiriyal cikin dokar sufurin jiragen sama ta 2006, wadda ta 2022 ta maye gurbinta. Bugu da ƙari, sashe na 19 na ƙa'idojin hukumar da ke kula da jirage ya keɓanta ga haƙƙin fasinja. A tafiyar cikin gida ya tanadi abin taɓawa da na sha bayan jinkirin awa 2, da damar karɓar kuɗin tikiti bayan awa 3, da masauki idan dare ya tsala. Diyyar hana kujera ko sokewa ba tare da isasshiyar sanarwa ba kuwa, kashi 25 cikin 100 ce na kuɗin tikiti a cikin gida, kashi 30 a tafiyar waje. Bambancin da ke tsakanin diyya da kulawa yana da amfani ƙwarai a nan, domin kowace shekara hazon hunturu kan hana jirage sauka a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Hazo uzuri ne da ke kawar da diyya, amma ba ya halatta wa kamfani riƙe kuɗin wanda ba a kai shi ko'ina ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa tambayoyi uku ne ke warware kowace taƙaddama: daga ina jirgi ya tashi, awa nawa aka ɓata, kuma mene ne musabbabi. Ya kamata matafiyi ya adana tikitinsa da katin shiga jirgi da rasiɗan abin da ya kashe, ya nemi a ba shi dalili a rubuce, ya fara kai kuka ga kamfani sa'an nan ga hukuma. Ya kuma yi hattara da takardar rangwamen wata tafiya da akan miƙa masa a madadin kuɗi, domin sa hannu a kanta yana iya zama yafe haƙƙi. Akwai kuma aiki a gaban masu nazarin harshe. Waɗannan ƙa'idoji cikin Turanci aka rubuta su, alhali dubban alhazai da 'yan kasuwa da ke cika filayen jirage da Hausa suke ji. Muddin ba a fassara musu su ba, za su ci gaba da kiran zalunci da sunan ƙaddara. Dama Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.