Ira Cohen: Ɗan Kurame da Ya Ara Sunan Gnawa

An haifi Ira Cohen, marubucin waƙoƙi kuma mai ɗaukar hoto, a 1935 a unguwar Bronx ta birnin New York, a gidan Yahudawa. Uwarsa da ubansa duk kurame ne, don haka tun yana rarrafe ya saba da maganar hannu. Ina ganin wannan ne ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, domin ko waƙa ya rubuta, ido yake fara nema kafin kunne.

A 1961 ya hau jirgin ruwan dakon kaya ya sauka a Tanja, ƙasar Maroko, ya yi shekara huɗu. A 1964 ya fitar da mujalla, fitowa ɗaya tak, ya raɗa mata suna Gnaoua, wato Gnawa. A nan labarin ya taɓo mu. Gnawa jikokin bayi ne da aka ƙetara Sahara da su daga ƙasashen baƙar fata, har da ƙasar Hausa. Sukan kwana suna kaɗa wani babban molo mai tsirkiya uku da ƙarafunan hannu don iskoki su hau mara lafiya ya samu sauƙi. Wanda ya taɓa ganin wasan bori ba zai ji baƙunta a wurin ba. Sai dai a gaskiya kusan suna kawai Cohen ya ara. Yawancin abin da ke cikin mujallar rubuce-rubucen abokansa ne irin su William Burroughs da Brion Gysin. Duk da haka ta yi sa'a, kwafinta ya fito a hoton bangon wani faifan mawaƙi Bob Dylan na 1965.

Da ya koma New York sai ya lulluɓe ɗaki da wata leda mai sheƙi kamar madubi, mai lanƙwasuwa. Ba mutum yake ɗauka a hoto ba, siffarsa da ta karkace a jikin ledar yake ɗauka, fuska ta narke kamar man shanu a rana. Har mawaƙi Jimi Hendrix ya shiga ɗakin. Da wannan dabara ya shirya fim ɗinsa na 1968, The Invasion of Thunderbolt Pagoda.

Daga nan ya tare a Katmandu, ƙasar Nepal, yana zaɓo waƙoƙin wasu marubuta yana buga su a takardar da aka yi da hannu. Ya kuma ɗauki fim a babban taron wankan mabiya Hindu, Kumbh Mela, a Indiya. Ya rasu a New York a 2011 yana da shekara 76.