Labarin 'Yan Mata Biyar Daga Ingila Zuwa Pakistan

A cikin shekarar 1813 aka buga wani littafin hikaya a Ingila, sunansa Pride and Prejudice, watau girman kai da saurin yanke wa mutum hukunci. Wadda ta wallafa shi ita ce Jane Austen, 'yar wani limamin coci na ƙauye, ta kuwa rasu a 1817 ba ta taɓa yin aure ba. Labarin wani magidanci ne mai suna Bennet, wanda Allah ya ba 'ya'ya biyar duka mata, da uwarsu wadda ba ta da zance dare da rana sai na yadda za ta aurar da su.

Mutanen Pakistan sun san littafin nan ta hanyar makaranta. Tun 1835, sa'ad da wani Bature mai suna Macaulay ya ba da shawara a koyar da mutanen ƙasar Hindu da harshen Ingilishi, littattafan Ingila suka shiga makarantun can. Da Pakistan ta kafu a 1947 Turawa suka tafi, amma harshensu ya zauna. 'Yan matan Lahor da Karaci da suka karanta Austen sai suka ga gidajensu ne ake ba da labari: ga uwa mai ɗoki, ga gwaggo mai binciken asali, ga tsoron bakin mutane. A 2014 wata marubuciya, Laaleen Sukhera, ta kafa jam'iyyar masu karatun Austen a Pakistan, daga baya matan jam'iyyar suka fito da Austenistan, mai ɗauke da gajerun labarai 7.

Wanda ya fi shahara a cikin irin waɗannan littattafai shi ne Unmarriageable, watau wadda ba ta auruwa, na Soniah Kamal, haifaffiyar Karaci, wanda ya fito a 2019. Ta mai da gidan Bennet ya zama gidan Binat, ta zaunar da su a wani ƙaramin gari da ta ƙaga, Dilipabad, a wajejen shekarar 2000. Elizabeth ta koma Alys, malamar adabin Ingilishi a makarantar 'yan mata. Darcy, attajirin nan mai ɗaurin fuska, ya koma Darsee. Taron rawa na Turawa ya zama bikin aure na kwanaki, da sa lalle da walima. Ta kuma ƙara musu shekaru: Elizabeth ta ainihi tana da 20, Alys kuwa 30, abin da a wurin uwarta ya isa ya hana barci.

Duk wannan sauyin tufafi ne, mai sauƙi. Wuyar aikin tana wajen gado.

Abin da ke tayar wa matar Bennet hankali shi ne gidansu da gonakinsu, masu kawo fam 2,000 a shekara, an ɗaure su da wani sharaɗi irin na dokar Ingila, cewa namiji kaɗai zai gaje su. Ran da maigida ya rufe ido, wani ɗan'uwansa na nesa mai suna Collins zai kwashe duka, ya fitar da su in ya ga dama. Abin da zai rage wa kowace yarinya fam 1,000 ne daga kuɗin uwarsu, shi ma sai bayan ranta. Saboda haka auren nan neman wurin sa kai ne.

To, wannan sharaɗi ba shi da mazauni a gidan Musulmi. Duk almajirin da ya karanta babin gado ya san hukuncin, kuma a nan Hanafiyyar Pakistan da Malikiyyar ƙasar Hausa bakinsu ɗaya. In mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyar, ba ɗa namiji, ba iyaye, a kasa dukiya kashi 24: 'ya'ya su ɗauki sulusi biyu, watau kashi 16, matar ta ɗauki sumuni, kashi 3, sauran 5 su tafi ga asaba. Da Bennet Musulmi ne, iyakar abin da Collins zai samu ke nan, in ma ya cancanta, matar gida kuwa ta yi barcinta. Labari ya ƙare tun bai soma ba.

Don haka Soniah Kamal ta sake tushen wahalar. A nata littafin babban wan maigida ne ya cinye masa rabonsa na dukiyar gidansu, aka haɗa da tsegumi a kan asalin matarsa, har suka faɗo daga cikin manya. Abin da doka ta yi wa 'yan matan Ingila, a nan ɗan'uwa ne ya yi shi. Wannan zaɓi ya dace da ƙasar ƙwarai, gama a Pakistan shari'a ta ba mace rabonta, al'ada ce ke ƙwacewa. Sau da yawa akan matsa wa mace ta yafe wa 'yan'uwanta maza gona, a ce kayan ɗakin da aka yi mata, wanda su ke kira jahez, su ne gadonta. In ta kai ƙara ta rasa gidan ubanta, inda za ta koma ran da aure ya ɓaci. Tun 1976 aka yi dokar da ta hana jahez ya wuce rufi 5,000, ba a kuwa bi ta ba. A 2011 majalisa ta yi wata, cewa wanda ya hana mace gado ta hanyar zamba za a ɗaure shi shekara 5 zuwa 10, ko tarar rufi miliyan 1, ko duka biyu.

Inda littafin ya fi taɓa zuciya shi ne wajen Sherry, aminiyar Alys, mai shekara 41, wadda ta karɓi wani likita da matarsa ta rasu ta bar 'ya'ya, bayan Alys ta ƙi shi. Ta auna zamanta a gidan iyaye marasa ƙarfi, ta auna gidan da za ta zama uwargida, ta zaɓa da idonta biyu, marubuciyar kuwa ba ta zarge ta ba.

Amma akwai abin cewa. Littattafan nan da Ingilishi aka rubuta su, mafi yawan mutanen cikinsu kuwa masu hali ne, ko waɗanda suka taɓa hali. Kwaikwayon sunaye ma ya yi yawa, Wickham ya zama Wickaam, Collins ya zama Kaleen, har mai karatu yakan san ƙarshen kowa tun daga sunansa. Alys tana da albashi, shi ya ba ta bakin cewa a'a. Matar ƙauyen Panjab da aka sa ta dangwala yatsa ta bar wa yayyenta gona, ita dokar 2011 ta nufa, amma ba ta cikin waɗanda aka gayyata bikin Lahor.